Harshen Roba Ko Na Kara: Zaɓin Mai Busa Kilarinet A Ƙasar Zafi

A Doka, kan hanyar da ta tashi daga Gadarif zuwa Gallabat a bakin iyakar Sudan da Habasha, karan dawa ba ya yankewa bayan girbi, domin yankin ya zama rumbun hatsin Sudan tun da noman tarakta ya shigo a shekarun 1940. Hausawan da hanyar hajji ta zaunar a nan sun fito daga al'adar da ta san yadda ake sa kara ya yi kuka: samari a ƙasar Hausa kan tsaga siririn harshe a jikin karan dawa su yi tilboro, wanda masana kiɗa ke lissafawa cikin dangin kilarinet. Ita ma kilarinet, wadda Johann Christoph Denner ya ƙera a Nuremberg ta Jamus wajen 1700, haka take aiki: harshe guda ake ɗaurawa a bakinta, iska ta kaɗa shi, murya ta fito. Sai dai nata harshen daga wani kara mai kama da gora ake fere shi, Arundo donax, wanda ya fi suna a yankin Var na kudancin Faransa, inda kamfanin Vandoren, da aka kafa a 1905, ke samun nasa.

Ga mai busa a ƙasa irin wannan, ko ɗan badujalar 'yan sanda ne ko ɗalibin kiɗa, harshen roba ya fi dacewa da aikin yau da kullum, kuma dalilin yana cikin halin karan kansa. Kara sai an jiƙa shi yake busuwa. Da rani, lokacin da zafin Gadarif ke haura digiri 40, da an ɗan ajiye shi ya bushe, bakinsa ya lanƙwashe. Da damina kuwa ya sha danshi ya kumbura, wani lokaci har ya yi funfuna. Kwali ɗaya na ɗauke da guda 10, ba duka ke yin daɗin busa ba, mai kyaun ma makonni kaɗan yake yi. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 shigo da kaya Sudan ya zama aiki. Na roba ba ya shan ruwa, ba ruwansa da bushewar rani ko danshin damina, kuma yakan yi watanni. Dama ƙarancin kara ne ya fito da shi: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da karan Faransa ya yanke, Mario Maccaferri ya sayar da na roba a Amurka. Daga 1998 kamfanin Légère na Kanada ya inganta shi da robar da aka sarrafa ta yi tauri da rashin nauyi irin na jiƙaƙƙen kara.

Masu suka na cewa muryar roba ba ta da zaƙi. Game da na farko-farko sun yi gaskiya, kuma har yanzu ƙwararre kan ji bambanci a leɓensa. Amma abin da ya kamata a gwada shi da shi shi ne busasshen karan da ke hannun mai busa da tsakar rana a filin fareti, wanda ba ya ba da muryar da zai bayar a zauren kiɗa mai sanyi. Suna kuma kukan tsada, tun da guda ɗaya kan kai kuɗin kwalin kara sukutum. Wanda ya lissafa na shekara, ya haɗa da waɗanda ake zubarwa, zai ga lissafin ya juya. Sukar da ta fi nauyi ita ce roba ma tana jin zafi: takan yi laushi in an daɗe ana busa, kuma in bakinta ya tsage babu gyara, alhali kara ana iya kankare shi a daidaita. Maganin wannan shi ne a mallaki biyu ana musanyawa, a wanke su, a nisanta su da rana.

Saboda haka malamin da ke koyar da yara ya fi kyau ya fara su da na roba mai taushi, mai lamba 2 ko kusa da haka, domin in murya ta ɓaci yaro ya san gyaran a leɓensa da numfashinsa yake. In kunnensa ya nuna, a ba shi kara ya gwada, ya zaɓa da kansa.