CIYAD DA YARA DA KUƊIN GWAMNATI: ƊORA TUKUNYA BA WUYA, RIƘON WUTA SHI NE AIKI

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san kamannin yaron da ya baro gida bai karya kumallo ba. Da hantsi ya yi sai ka ga ya kifa kai bisa benci, ana karatu yana hamma, in an fita tara kuwa ya sulale gida, sai gobe. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wannan shi ya sa gwamnatocin ƙasashe da yawa suka ɗauki nauyin ciyad da yara a wuraren da a ke tara su, watau makarantu, da azuzuwan renon ƙanana, da gidajen marayu.

Nijeriya ma ta ɗora wannan tukunya, ba sau ɗaya ba, kuma an ga wutar tana mutuwa bayan an hura ta. Saboda haka ya kamata masu karatu su san yadda a ke tafiyad da irin wannan aiki, da wuraren da ya kan yi tuntuɓe, gama 'ya'yanmu ne ke riƙe da kwanonin.

YADDA AKA FARO

Dokar ba da ilmin farko kyauta ga kowane yaro, wadda aka kafa cikin 2004, ta lasafta abincin rana cikin abubuwan da za a ba yaro ba da ko kwabo ba, tare da littattafai da kujeru. Cikin 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin gwaji a waɗansu jihohi. Ba a daɗe ba yawancinsu suka saki. Jihar Osun ce ta riƙe nata, har Gwamna Rauf Aregbesola ya sake masa tsari cikin 2012, aka ɗauki mata kimanin 3,000 suna dafa wa 'yan aji ɗaya zuwa aji huɗu.

A watan Janairu na 1916 babu wanda zai yi mafarkin irin wannan abu a ƙasar nan, amma shekara ɗari bayan haka, watau Janairu 2016, sai ga Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta soma ciyad da 'yan firamare a kan Naira 50 kowane yaro. Yara suka yi ta kwarara makarantu fiye da yadda aka yi tsammani. Nauyin kuɗi ya yi yawa, bayan 'yan watanni aka dakatar.

Cikin shekarar nan ta 2016 Gwamnatin Tarayya, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta fito da nata shiri na ƙasa duka, aka fara dafawa a Jihar Anambra a watan Disamba. Tsarin kuwa shi ne, Gwamnatin Tarayya ta biya Naira 70 a kan kowane yaro kullum ranar makaranta, daga aji ɗaya zuwa aji uku, jihohi su ɗauki sauran azuzuwan in sun iya. Masu dafawa mata ne na garin da makarantar ta ke, a kan gwada lafiyarsu tukuna, sa'an nan a riƙa zuba musu kuɗi cikin ajiyarsu ta banki, ba ta hannun kowa ba. Gwamnati ta ce shirin ya kai ga yara fiye da miliyan 9, da masu dafawa fiye da 100,000. Cikin 2022 aka yarda a mai da kuɗin Naira 100. A watan Janairu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatad da shi tare da sauran shirye-shiryen taimakon talakawa, domin a binciki yadda a ke sarrafa kuɗinsu. Daga baya Gwamnati ta ba da sanarwa za ta komo da shi.

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga ba a taɓa rasa kyakkyawar niyya ba. Abin da a ke rasawa shi ne riƙo na yau da gobe.

KUƊI SU ZO A KAN KARI

Mu ɗauki misalin mace guda, irin wadda a makarantun kwana a ke kira uwar tuwo, a ce an ba ta yara 100. A kan Naira 70, kuɗinta na yini Naira 7,000 ke nan, na kwana ashirin kuwa Naira 140,000. Cikin wannan za ta sayi shinkafa da wake da mai da gishiri da kayan miya, ta sayi itace da ruwa, ta biya mai ɗaukar mata tukwane zuwa makaranta, sa'an nan ta fid da ladan wahalarta. Irin matan nan ba su da jarin da za su ciyad da yara 100 bashi. In kuɗi suka makara mako biyu, to, mako biyu ba a ɗora tukunya ba, ko kuwa a ɗora ta da tsaki maimakon shinkafa.

A wajen Gwamnati kuma nauyin ba ƙarami ba ne. Yara miliyan 9 a kan Naira 70 ya tashi Naira miliyan 630 kowace rana. Kuɗi irin wannan ba a neman su da safe a kashe da rana. Tilas a keɓe su tun farkon shekara, a riƙa biyan masu dafawa kafin su dafa, kuma a tsai da ranar biya wadda kowa ya sani.

Har wa yau akwai maganar tsada. Gwamnati ta yanka kuɗi ta tsaya, kasuwa kuwa ba ta tsayawa. Bayan da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 kayan abinci suka yi ta hauhawa, har a tsakiyar 2024 tsadarsu ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 bisa ga shekarar da ta gabata. A lokacin nan ƙwai guda ɗaya ya wuce Naira 100, watau kuɗin abincin yaro duka. Wanda ya ba mace Naira 100 ya ce ta kawo shinkafa da wake da ƙwai, ya koya mata ƙarya ke nan da hannunsa. Abin da ya dace shi ne a riƙa duba kuɗin kowane zangon karatu, a auna shi da farashin mudu a kasuwannin jihar.

Ƙasar Indiya, wadda ta fi kowa yawan yaran da a ke ciyarwa a makaranta, ta sha irin wannan wahala. Cikin 2015 ta kafa ƙa'ida cewa in kuɗin abinci suka makara, babban malami yana da iko ya ranta daga waɗansu kuɗin makaranta, a mayar in sun iso. In kuwa har yini ya wuce ba a dafa ba, ana bin Gwamnati hakkin yaron na hatsi da kuɗin cefane. Abin koyi a nan shi ne sun mai da abincin hakki, ba alfarma ba.

ƘIDAYA TA GASKIYA

Tun da ya ke a kan kawunan yara a ke biya, duk wanda ya ƙara kai ɗaya cikin rajista ya ƙara kuɗi. Nan ne ɓeraye su kan shiga. Makarantar da ke da yara 200 sai a rubuta 300, a raba kuɗin 100 ɗin da babu su. Wani wuri kuma akasin haka a ke samu: an yi lissafi da tsohuwar rajista, ga yara sun ƙaru saboda labarin abinci, sai a raba kwano ɗaya tsakanin yara biyu. Cikin 2021 sai da Gwamnatin Tarayya ta aika ma'aikata jihohi su ƙidaya yaran da masu dafawa ɗaya ɗaya. Wannan ya yi kyau, amma ƙidayar shekara guda ba ta isa ba, gama yara kullum shiga su ke yi suna fita.

Maganin abin ba shi da tsada. Kowace makaranta ta ajiye littafi guda, kullum a rubuta yara nawa suka zo, me aka dafa, kwano nawa aka raba. Mutum uku su sa hannu: mai dafawa, da babban malami, da wakili ɗaya na kwamitin iyaye, a riƙa sauya shi mako mako. A rubuta jerin abincin mako bisa allo a ƙofar makaranta, yadda duk uban da ya wuce zai san yau ranar wake ce, ya tambayi ɗansa da yamma ko wake ya ci. Mai duba makarantu kuma in zai zo kada ya aiko da saƙo, ya zo daidai lokacin rabo, ya ƙirga kawuna da kansa.

Akwai kuma yaran da su kan zo da kwano, su ci, su tafi. Aka yi ta kukan wannan a Kaduna cikin 2016. Ba a korar irin yaron nan, gama yunwa ce ta kawo shi, kuma da ƙofar makaranta ta kawo shi ai an sami rabin nasara. Sai a kira rajista sau biyu, da safe da kuma bayan an ci, a sa dagaci da mai unguwa su yi wa iyaye magana.

TSABTA DA TSARON TUKUNYA

Matar gida in ta yi kuskure mutum goma za su kwana da ciwon ciki. Mai dafa wa makaranta in ta yi, gari duka ne zai yi makoki. Ran 16 ga Yuli 2013, a ƙauyen Gandaman cikin Jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka mutu bayan sun ci abincin makaranta. Bincike ya nuna man da aka yi girki da shi ya gauraya da maganin ƙwari na gona. An ba da labari cewa mai dafawa ta yi ƙorafin kamannin man, aka ce ta ci gaba. Cikin 2016 kotu ta ɗaure shugabar makarantar shekara 17. A ƙa'idar ƙasar, tilas malami ya ɗanɗana abinci kafin a ba yara, ya rubuta cikin littafi.

Kada wani ya ce wannan can nesa ne. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigad da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da a ke zuba masa don kada ya yi ƙwari a sito. Waken da aka ƙi a can, irinsa ne a kasuwanninmu. Saboda haka mai sayen wake don yara ya san hannun da ya fito, ya fi son wanda aka ajiye cikin buhun nan mai rufi uku da ba ya shan iska, wanda ba ya bukatar magani. Gyaɗa da masara da suka yi funfuna a zubad da su, gama dafin da ke cikinsu yana ɓata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Kada a zuba mai ko ruwa cikin galan ɗin da aka taɓa sa magani ko taki, kome wankin da aka yi masa. Duba-gari ya riƙa leƙa madafa, ba ranar ɗaukar mai dafawa kaɗai ba. A kawo abinci da zafinsa a rufe, a ajiye ruwa da sabulu inda yara za su wanke hannu. Kuma a ba mai dafawa iko sarai, in ta ga abin da ba ta yarda da shi ba ta sauke tukunya, ba wanda zai tsawata mata.

Sayen kaya kusa da gida yana taimakon tsabta, yana kuma taimakon manomi. Ƙasar Barazil ta kafa doka cikin 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da Gwamnatin Tarayyarsu ke bayarwa don abincin makaranta a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Mu ma muna da gero da dawa da wake da waken soya da zogale da alayyafo a bakin ƙofa. Ɗan kwangilar da zai ɗauko abu daga nesa, riba biyu ya ke ci, kuma ba wanda ya san ranar da kayan suka baro gona.

ƘANANAN DA AKA BARI A BAYA

Shirin 2016 daga aji ɗaya ya fara, watau yaro ɗan shekara shida. Amma yunwa ta kan yi ɓarnarta tun kafin nan. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi cikin 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Makarantun firamare da yawa suna da ajin share fage na 'yan shekara huɗu da biyar. Ba daidai ba ne a raba wa yayye abinci, ƙanne suna leƙe ta taga. Indiya tun ran 2 ga Oktoba 1975 ta kafa ɗakunan reno a ƙauyuka da unguwanni, inda a ke ciyad da 'yan ƙasa da shekara shida, a auna nauyinsu, a rubuta.

Ciyad da ƙarami kuwa dabam ne. Cikinsa kaɗan ne, don haka kaɗan kaɗan a ke ba shi, sau da yawa, abu mai laushi maras yaji, kamar kunun gyaɗa, da faten wake da manja, da alala. Tilas babba ya zauna tare da su, don kada mai ƙarfi ya cinye na mai sanyi.

Gidajen marayu sun fi kowa bukatar a kula. Ɗan makaranta in ba a dafa ba yana da tuwon dare a gida. Maraya ba shi da wata tukunya sai wannan, safe da rana da dare. Kuɗin abincinsu ya kamata su riga na kowa fita daga baitulmali, sitonsu kuma kada ya kasa abincin wata guda.

To, jama'a, aikin ya rabu. Na Gwamnati shi ne ta keɓe kuɗi masu isa, ta biya a kan kari. Na malamai da masu duba makarantu shi ne ƙidaya ta gaskiya. Na masu dafawa tsabta da cika mudu. Na iyaye da sarakuna kuwa su riƙa zuwa suna gani da idonsu, gama abin da ba a dubawa shi ke lalacewa. Yaron da ya miƙo kwano bai san ofis ba, bai san banki ba, abin da aka zuba masa kaɗai ya sani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanarsa, amin.