Azuzuwan Karatu na Dogon Hutu a Ƙasar Adar: Da Wace Hausa Za A Koya Wa Yaro?

Gabatarwa

A Jamhuriyar Nijar ana rufe makarantun boko a ƙarshen watan Yuni, ba a sake buɗe su sai Oktoba. Ga yaron da ya riga ya iya karatu, waɗannan watanni uku hutu ne kawai. Ga wanda bai gama rarrabe baƙi da wasali ba kuwa, lokaci ne da ɗan abin da ya tsinta a aji yake zubewa. Wannan giɓi ne majami'u da ƙungiyoyin agaji na Kirista suke ƙoƙarin cikewa a ƙasashe da dama, ta hanyar tara 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a koya musu karatu lokacin hutu. Maƙalar nan za ta bi asalin wannan al'ada, sannan ta auna ta da yanayin harshe na yankin Badagishiri da Illela da Malbaza da Birnin Ƙonni a jihar Tawa.

Asalin al'adar

A shekarar 1780 Robert Raikes ya fara tara yaran da ke aikin ƙwadago a garin Gloucester na Ingila, ana koya musu karatu ranar Lahadi, domin ita kaɗai ce ranar da ba su da aiki. Daga nan makarantun Lahadi suka bazu. Dalilin bai ɓuya ba: majami'un Furotesta sun ɗora addini a kan kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, cikin harshensa. A Amurka, binciken da Barbara Heyns ta wallafa a 1978 kan yaran birnin Atlanta ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa tana ƙaruwa a lokacin hutu. Tun daga 1995 ƙungiyar Children's Defense Fund take gudanar da shirin karatu na mako shida a lokacin hutu, kuma majami'u na cikin masu ba shi masauki.

A ƙasar Hausa ma aikin mishan da rubutun boko sun daɗe tare. J. F. Schön ya fitar da fassarar Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, bayan aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da gudummawa mai yawa a ciki. A ɓangaren Nijar, mishan ta SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta kafa cibiya a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda yau yake cikin gundumar Malbaza. Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ba ta koyarwa da harsunan gida, littattafan Hausa da aka buga a Nijeriya suka zama abin karantawar ƙananan majami'un yankin. Saboda haka majami'a tana cikin wurare ƙalilan da aka riƙa karanta Hausar boko a bainar jama'a tun kafin samun mulkin kai a 1960.

A wannan zamani, misali mafi kusa shi ne makarantar gaggawa ta gidauniyar Strømme, wata ƙungiyar Kirista ta ƙasar Norwe, wadda aka fara a Mali a 2004 kafin ta iso Nijar. Ana ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 12 da ba su shiga lakwal ba ko suka fita, a koyar da su wata tara. Watanni biyu na farko da harshen uwa ake yi, daga baya a koma Faransanci. Ƙungiyar World Vision ma tana da tsarin tara yara a unguwa, inda masu sa kai ke karanta musu labarai bayan an tashi daga makaranta.

Girman matsalar

Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake bukata a karatu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne harshe. Yaron Badagishiri yana shiga aji da Hausa a bakinsa, a tarbe shi da Faransancin da bai taɓa ji a gida ko a kasuwa ba. Ana nemansa ya koyi abu biyu a lokaci guda: yadda alama a kan allo take wakiltar sauti, da kuma sabon harshe. Sakamakon da aka fi gani shi ne hadda, yaro ya rera shafi da ka, amma in an nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya kasa gane ta.

Nijar ta daɗe da sanin maganin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hujjar masana ita ce wadda Jim Cummins ya bayyana a 1979: ƙwarewar karatu da aka samu a harshe na farko tana ƙetarawa zuwa na biyu. Ajin hutu, da yake ba jarrabawa a gabansa, yana da damar farawa da Hausa. Tsarin gaɓar Hausa ma yana taimakawa, domin iri uku ne kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya riƙe ba, bi, bu da ka, ki, ku zai iya haɗa baki da buki a rana guda.

Adaranci da daidaitacciyar Hausa

A nan ne aikin ɗalibin ilimin harsuna yake farawa. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kananci, alhali mutanen wannan yanki karin yamma suke yi, musamman Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991. Bambancin ya shafi sauti da nahawu. Inda littafi ya rubuta fari da fita, yaro yana cewa hwari da hita. Inda aka rubuta zauna, aure, sauka, auduga, shi zamna, amre, sabka, abduga ya sani. Biyar a bakinsa biyat ce, 'ya kuma ɗiya. A nahawu, yana cewa munka zo da sunka tahi a madadin muka zo da suka tafi, yana kuma amfani da dirka na da ta a gurbin ne da ce.

Illar wannan ga mai koyon karatu a fili take. Malami ya nuna harafin f, ya ce shi ne farkon kalmar fari, alhali kunnen yaro hw yake ji. An karya masa ƙa'idar da ake son ya kama, wato alama ɗaya sauti ɗaya. Idan kuma ya karanta zauna ya furta zamna, malamin da bai san karin harshe ba zai ce ya yi kuskure. Gaskiyar magana, wannan yaro ya gane kalmar har ya mayar da ita bakinsu, kuma wannan alama ce ta fahimta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da kalmomin da kare-karen biyu suka yi tarayya a kansu, irin su gida, rana, kaka, masara, a jinkirta f har sai yaro ya saba, sannan a gaya masa a sarari cewa littafi yana rubuta abin da shi yake furtawa da wata siga. Labaran da yara suka faɗa da bakinsu, malami ya rubuta a allo yadda suka faɗe su, suna cike giɓin da littafin Kano ko Zariya ya bari.

Rubutu uku a kan yaro ɗaya

Taron UNESCO na Bamako a 1966 da wani taro da aka yi a Yamai a 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, amma har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da karon da ake yi da rubutun Faransanci. Yaron lakwal ya koyi cewa ou ne ke ba da sautin u, ch ne ke ba da sh, harafin c kuma k ne ko s. Allon bakin hanya yana tabbatar masa da haka: Tahoua, Badaguichiri, Konni. Idan aka ba shi kalmar ciki ba tare da bayani ba, zai iya karanta ta siki. Wajibi ne mai koyarwa ya ware darasi a kan waɗannan haruffa masu fuska biyu, da kuma masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a Faransanci.

Akwai kuma makarantar allo. Mafi yawan yaran yankin sun fara babbaƙu da farfaru kafin su ga harafin boko, wato sun riga sun san cewa ana ɗora wasali a kan baƙi a sami gaɓa. Wannan jari ne da ya kamata a ɗora gini a kansa. Abin da ya rage shi ne a saba musu da rubutu daga hagu zuwa dama. Sai matsalar da ta shafi kowane mai karanta Hausa: boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Gari na iya zama wurin zama ko abin tuwo, kuka na iya zama na ido ko itaciya. Saboda haka koyar da kalmomi a ware ba ya wadatarwa, sai an sa su cikin jimla.

Lokaci da amana

Dogon hutun Nijar damina ce. Yaron ƙauye yana gona daga shuka zuwa noma da maimai, yarinya tana kai abinci da ɗibar ruwa, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa a Agusta da Satumba. Tsarin Amurka na wuni guda a aji ba zai zauna a nan ba. Awa ɗaya ko biyu da la'asar, kusa da gida, ya fi dacewa da rayuwar manomi.

Amana ta fi lokaci wuyar samu. Kusan dukkan iyayen yankin Musulmi ne, kuma ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ya nuna yadda zaman tare yake bukatar kulawa. Uban da yake zargin za a sauya wa ɗansa addini ba zai tura shi ba, ko da kyauta ne. Abin da ke kawar da zargi shi ne a nuna wa iyaye da mai gari da liman littattafan tun kafin a fara, a raba darasin karatu da wa'azi, a kuma sa matasan gari na kowane addini cikin masu koyarwa. Asibitin Galmi ya shekara fiye da 70 yana karɓar marasa lafiya Musulmi, kuma wannan ya nuna cewa ana samun yarda idan aikin a bayyane yake.

Kammalawa

Ajin hutu ba zai maye gurbin makaranta ba, amma wata biyu sun isa yaro ya kama sirrin haɗa baƙi da wasali idan an fara da harshen da yake ji. Sharaɗin shi ne littafin farko ya san da Adaranci, ya san da Faransanci, ya kuma san da allo. Tattara kalmomin da kare-karen Hausa suka yi tarayya a kansu, da jera haruffa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da rubuta tatsuniyoyin Adar yadda ake faɗarsu, duk ayyuka ne da ɗaliban wannan sashe za su iya ɗauka a matsayin kundin digiri.