Shin Tallafin Jihohi Yana Kashe wa Talaka Zuciya?

Wani saƙo da ke yawo a WhatsApp yana iƙirarin cewa kuɗin da gwamnatocin jihohi ke kashewa kan marasa galihu asara ce. Biyu daga hujjojinsa ba su cancanci dogon bayani ba: batun cewa rajistar talakawa dabara ce ta karɓar haraji ba a kawo masa shaida ko ɗaya ba, cewa kuɗin Bankin Duniya kyauta ne kuwa kuskure ne, domin galibinsu bashi ne mai sassauci.

Hujja ta uku ce mai cutarwa, wato cewa ba talaka kuɗi a hannu yana mayar da shi cima-zaune, domin tana sa mabukata jin kunyar karɓar haƙƙinsu, tana kuma ba masu mulki uzurin janye hannu. Wanda ya ƙirƙiri saƙon bai damu ya bincika ba, alhali an daɗe da gwada wannan zargi. A 2017 masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee da abokan aikinsa sun sake nazarin gwaje-gwaje 7 a ƙasashe 6, ciki har da Indonesiya da Maroko, inda aka zaɓi masu samun tallafi ta hanyar ƙuri'a domin a kwatanta su da waɗanda ba su samu ba, kuma ba su ga alamar cewa tallafin yana rage aiki ba. Dalilin a fili yake: matar da ke suyar ƙuli-ƙuli takan ƙara jari da ɗan abin da ta samu, manomi kuma yakan iya riƙe geronsa maimakon ya sayar da araha lokacin kaka saboda kuɗin magani.

Saƙon ya yi gaskiya a wuri guda: tallafin jiha bai kawar da talauci ba. Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata a 2007, amma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talauci, wato mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙatar kashewa don abinci da sauran larurori. Sai dai tallafin da aka keɓe wa rukuni ƙalilan ba zai iya sauya alƙaluman jiha mai miliyoyin mutane ba, ko da ya sauƙaƙa wa masu karɓarsa rayuwa.

Waɗanda suka yarda da saƙon suna da uzuri, tun da yawancinsu sun ga yadda kayan tallafi ke ƙarewa a hannun 'yan siyasa. Bincike ya wanke talaka daga zargin lalaci, amma bai lamunce wa kowane shirin jiha nasara ba, saboda haka abin da ya wajaba jama'a su tuhumi gwamnatocinsu a kai shi ne nawa aka ware a kasafi, nawa aka saki, kuma su wa suka karɓa.