KUƊIN GYARAN FADAMAR HAƊEJA DA NGURU

Kowa ya san fadamar nan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru ya san wurin albarka ne. Nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa, kafin su haɗu su zama kogin Yobe wanda ya nufi tafkin Chadi. A da can, ruwa yakan malala da damina, ya janye da rani. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, sa'an nan Bafillace ya kawo shanunsa su ci ɗanyar ciyawa.

To, a 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Lalle sun amfani Kano, amma sun sāke halin kogin. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuwa ya riƙa gudana har da rani, hanyoyinsa ba su bushewa. Nan kachala ta sami wurin zama. Ta toshe magudanai, yashi ya taru, har ruwa ya juya ya ci gonaki wajen Nguru, mutanen Gashuwa kuwa suna kukan ƙarancinsa. Ga kuma jan-baki ya yi sheƙa cikin kachalar, yana cinye hatsin talakawa.

Abin mamaki, cikin waɗanda suka fara sa kuɗi don ceton fadamar har da baƙi. A 1987 aka kafa aikin kiyaye ta, da hannun ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, wadda ke tafiya da gudummawar mambobinta. Dalilinsu kuwa shi ne, tsuntsayen ƙasarsu da na sauran Turai nan suke zuwa su huta in sanyi ya matsa musu. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa suka kafa asusun kula da shi. Madalla da wannan, amma baitulmalin gwamnati bukatunsa suna da yawa, kachala kuwa ba ta jiran kasafin baɗi.

Jama'a, ina attajiranmu? Mun saba ganin mai hali ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya don neman lada. Wanda ya ɗauki nauyin yashe magudana guda, ya ba masu gayya abinci da lauje da kwalekwale, ai shi ma ya shayar da dubban bayin Allah. Masu sayen shinkafa da kifin fadamar su ne suka fi cancanta su fara.

Sai dai mai kuɗi ba ya saki sai ya tabbata ba za a ci amanarsa ba. Nan ne aikin ma'aikata yake: a rubuta kowane kwabo, a karanta lissafi a gaban dagatai da jama'a. Malaman makaranta kuma su kai yara bakin kogi su gani da idonsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu bar wa jikokinmu fadama mai rai, amin.