Ma'aunin Da Ake Auna Digiri Kafin A Yarda Da Shi

Kowace shekara dubban iyaye sukan sayar da amfanin gona ko dabbobi, wasu ma har su ci bashi, domin su tura 'ya'yansu jami'a. Amma kaɗan ne daga cikinsu suke tsayawa su tambaya ko fannin da yaro zai karanta ya sami amincewar hukuma. Wannan tambaya kuwa ita ce za ta nuna ko takardar da zai fito da ita bayan shekara huɗu ko shida za ta buɗe masa ƙofar aiki, ko kuwa za ta zauna a akwati.

Auna ilmin jami'a a Nijeriya ya daɗe. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, digirin Jami'ar London take bayarwa, watau ma'aunin yana hannun Turawan Ingila, har zuwa 1962 da ta tsaya da ƙafafunta. A wannan shekara ce aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC, bisa shawarar kwamitin Ashby. Da fari aikinta ba da shawara ne kawai. Cikin 1974 doka ta ba ta cikakken matsayi, aka kuma naɗa Farfesa Jibril Aminu ya zama sakatarenta. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ita ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowane fanni zai cika. Aka rubuta sharuɗɗan cikin 1989, sa'an nan aka fara zagayen tantancewa cikin 1990.

Yadda Ake Awon

Ba jami'a ɗungurungum ake aunawa a wannan zagaye ba, kowane fanni da nasa awon. Saboda haka jami'a guda tana iya samun amincewa a fannin Shari'a ta rasa a fannin Injiniya. Hukumar takan tura ayarin manyan malamai daga waɗansu jami'o'i, su yi 'yan kwanaki suna dubawa da idonsu, suna ba da maki a kan abubuwan da aka riga aka ƙayyade: manhaja da yadda ake jarrabawa, yawan malamai da darajarsu, azuzuwa da ɗakunan gwaji, laburare, kuɗin gudanarwa, da kuma ra'ayin waɗanda suka ɗauki tsofaffin ɗalibai aiki.

Batun malamai shi ne ya fi nauyi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniya, ɗaya ga 10 a aikin likita. Haka nan ana son kashi 20 cikin 100 na malaman sashe su kasance farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, saura 45 ƙanana. Hikimar wannan rabo ita ce kada sashe ya cika da sababbin hannu ba tare da wanda zai yi musu jagora ba.

Fannin da ya sami maki 70 cikin 100 a jimla, ya kuma sami 70 a kowane ɗaya daga manyan ginshiƙai huɗu, watau manhaja, malamai, kayan aiki da laburare, shi ne ke samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya kai 60 amma ya gaza wancan sharaɗi sai a ba shi amincewar wucin gadi ta shekara biyu domin ya gyara. Wanda ya faɗi ƙasa da 60 kuwa an hana shi ke nan, kuma ba shi da izinin ɗaukar sababbin ɗalibai sai ya sake tsallake awo. Sharaɗin ginshiƙai huɗun nan yana toshe wata kafa: ba dama jami'a ta rufe ƙarancin malamai da kyawawan gine-gine.

Ma'auni Na Biyu

Fannonin da kuskure a cikinsu kan jawo asarar rai ko dukiya suna da awo na biyu daga ƙungiyoyin masu sana'ar. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori takan duba asibitin koyarwa, ta kuma yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka. Majalisar Injiniyoyi, COREN, wadda aka kafa cikin 1970, tana yin haka ga nata fannin, kuma cikin 2023 ta sami matsayin wucin gadi a yarjejeniyar Washington wadda ta sa cikakkun mambobinta suke yarda da awon junansu. Majalisar Ilmin Shari'a, tun daga 1962, ita ke da ikon cewa ga wanda zai shiga Makarantar Horon Lauyoyi. Kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin hukumar NBTE da ke Kaduna tun 1977, kwalejojin horon malamai kuma ƙarƙashin NCCE tun 1989.

Bambancin awon biyu shi ne, NUC tana tambayar ko an koyar da ilmin yadda ya kamata, su kuwa masu sana'a suna tambayar ko za a iya damƙa wa wannan mutum majinyaci, ko gada, ko shari'ar wani. Idan jami'a ta ɗauki ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata, waɗanda suka yi rara sukan gama karatu su zauna jiran rijista, alhali laifin ba nasu ba ne.

Inda Ma'aunin Ke Da Rauni

Duk ma'aunin da aka san lokacin zuwansa ana iya yi masa shiri. An sha kokawa cewa waɗansu sassa sukan aro malamai da kayan gwaji daga maƙwabta kafin ayari ya iso, su mayar bayan ya tafi, su kuma shafa wa bango fenti. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2012 a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin binciken bukatun jami'o'in gwamnati ya tarar cewa kusan kashi 43 cikin 100 na malamai ne kaɗai suke da digirin digirgir, ya kuma ga ɗakunan gwaji da ake amfani da risho a maimakon na'urar hura wuta. Wannan ya nuna tazarar da kan kasance tsakanin makin da ke takarda da abin da ke ƙasa.

Rauni na biyu shi ne ma'aunin ya fi ƙirga abin da aka zuba, kamar kujeru da littattafai, a kan abin da ɗalibi ya iya bayan ya fita. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ta tsara kashi 70 ta bar wa jami'o'i kashi 30, ta jawo gardama daga ƙungiyar malamai ta ASUU, wadda ta ga an shiga hurumin majalisun jami'o'i.

Duk da haka, rashin ma'auni ya fi muni. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo a watan Janairu na 2024.

Abin da ya rage ga uba da ɗalibi shi ne bincike tun kafin a biya kuɗin makaranta. NUC takan bayyana sakamakon tantancewarta, majalisun masu sana'a ma suna da jerin makarantun da suka amince da su. Wanda ya duba waɗannan jeri biyu kafin ya cika takardar JAMB ya tsare kansa daga asarar shekaru, domin rigakafi ya fi magani.