Wa ke da alhakin jirgin fito?

Ba'are, mutumin ƙasar Dogon Dutsi, ba ɗan ruwa ba ne. Dallol Mauri, kwarin da ya ratsa ƙasar Dogon Dutsi da Tibiri ya gangara kudu wajen Gaya, tsohon gulbi ne da ya daɗe da ƙafewa, sai tabkunan da damina ke bari. Amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka datse gadar Gaya da Malanbil, ɗan ci-rani mai nufin Kwatano da 'yar kasuwa da ɗalibi duk suka koma shiga kwale-kwale don ƙetare kogin Isa. A Fabrairun 2024 ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, fito kuwa bai tsaya ba. A ganina, duk inda hanya ta tuƙe a bakin ruwa, jirgin da ke ɗaukar jama'a ci gaban hanyar ne, kuma nauyinsa yana wuyan hukuma kamar yadda kwaltar Dosso zuwa Birnin Ƙonni take wuyanta.

Ƙasar da ta fi nuna haka a yankinmu ita ce Kabo Berde, tsibirai goma a cikin teku yamma da Senegal, tara daga cikinsu da mutane. Aman wuta ne ya tayar da su daga ƙarƙashin ruwa, shi ya sa gaɓar da yawansu tsaye take, tekun da ke tsakani kuma mai zurfi ne, ba a maganar gada. Dutsen Fogo mai tsayin mita 2,829 har yanzu da ransa, a ƙarshen 2014 ya yi aman da ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Maƙwabcinsa, tsibirin Brava, an rufe filin jirgin samansa tun 2004 saboda iska, don haka mara lafiya da buhun siminti da malamin makaranta duk ta ruwa suke shiga da fita. A Janairun 2015 jirgin Vicente, wanda ya taso daga Praia, ya nutse dab da tashar Fogo, mutum 15 suka rasu, bincike kuma ya ambaci lodin da ya wuce kima. A 2019 gwamnati ta ba kamfanin CV Interilhas kwangilar shekara 20, bisa sharaɗin ya riƙa zuwa kowane tsibiri, ita kuma ta cike giɓin layukan da ba su da riba.

Wannan cike giɓin shi ne jigon maganar. Man da injin ke sha bai damu da ko mutum goma ne a jirgin ko hamsin ba. Mai jirgin da kuɗin fasinja kaɗai ya dogara da shi dole ya jira a cika, in an cika ya ƙara, in jiran ya kai shi magariba ya tashi cikin duhu. Sai a ce son zuciya ne, kuma akwai shi, amma lissafin ne ke tura mai gaskiya ma zuwa can. A Mayun 2021 wani jirgi ya kife kusa da Wara a jihar Kebbi, maƙwabciyarmu, da mutane fiye da 150 a ciki, 'yan kaɗan suka tsira. Bayan kowane irin wannan sai gargaɗi da alƙawarin rigunan ceto, lissafin mai jirgi kuwa yana nan yadda yake.

Wasu za su ce gada ce magani. Inda ta yiwu haka ne, gadar Farie a jihar Tillaberi ta sallami tsohon jirgin fiton wurin. Sai dai ba ƙasar da za ta kafa gada a kowane mashigi, ta Gaya kuma ba ruwa ne ya cinye ta ba, siyasa ce ta rufe ta tana tsaye lafiya lau. Wasu kuma za su ce tallafi ƙofar ɓarna ce, kamfani guda ya kwanta ya yi ta cin kuɗin jama'a. Wannan suka tana da ƙarfi, domin mutanen Kabo Berde ba su daina kukan jinkiri da soke tafiya ba, kamfanin da gwamnati kuma sun sha sa-in-sa kan bashi. Amma kogi ba teku ba ne, ba ya bukatar kamfani guda. Masu fito suna nan da jiragensu da sanin ruwansu. Abin da ya rage shi ne a yi wa kowane jirgi rajista, a rubuta adadin da zai ɗauka a jikinsa, a ƙirga mutane a bakin gaɓa, a rage wa wanda ya kiyaye kuɗin mai ko haraji, yadda tashi da adadin da aka yanka masa ba zai zama asara ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta iyaka: yaya hukuma za ta tsara mashigin da ita ce ta ce a rufe? Lalle akwai tufka da warwara a nan. Sai dai yawancin fiton da ake yi a kogin Isa ba na ƙetare iyaka ba ne, na cin kasuwa ne da zuwa gona da asibiti, kuma ba abin da ya hana a fara da shi. A Gaya kuwa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, mutane suna shiga jirgin, kuma in ya kife jami'an hukumar ne dai za a kira su nemo gawa.