Lokacin Da Ya Dace A Kai Baƙi Gashaka-Gumti Da Bulatura

GIREI: Wajibi ne masu motocin haya a Girei da Jimeta da ke neman cinikin 'yan yawon buɗe ido su kammala jigila kafin ƙarshen watan Maris.

A gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, mafi tsawo a Nijeriya. Ana shiga ta Toungo ko ta Serti, amma da saukar ruwa a Afrilu hanyoyin kan lalace.

A Bulatura kuwa, cikin gandun Tafkin Chadi a Jihar Yobe, rairayi da zafin bazara ne cikas. Sai da ƙaƙƙarfar mota, guzurin mai da ruwa, da shawarar jami'an tsaro. Duk wanda ya makara, cinikin shekara ya wuce shi.